Me Ke Toshe Matata? Daga Ƙyallen Tace Gasara Zuwa Tankin Fentin Mota

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai tace gasara a Rara, ko a wani gari na ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo, ya ga wani abu da ba a cika tambayar dalilinsa ba. Da farko idan aka zuba ƙullu a kan ƙyallen tata, ruwan gasara yakan zuba da ƙarfi cikin ƙwarya. Ba a jimawa sai zubar ta ragu, ta koma ɗigo, alhali ƙyallen shi ne na ɗazu, ƙullun ma bai sake ba. Mai tatar ba ta zaman jiran ɗigo. Takan sa hannu ta motsa ƙullun, ta kawar da dusar da ta kwanta, ta ƙara ruwa, idan abin ya ƙi ta juye ta ɗauraye ƙyallen.

Wannan matsala ta toshewar matata ita ce kuma ke ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya a manyan masana'antun ƙera motoci na Jamus da Japan da Amurka, a sashen da ake yi wa jikin mota fentin farko. Bambancin shi ne ƙofofin matatar da ke can sun fi na ƙyalle ƙanƙanta fiye da sau dubu, kuma idan ta toshe, aikin masana'antar gaba ɗaya yana iya tsayawa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda irin wannan matata take aiki, da abubuwan da ke toshe ta, da kuma yadda masu aikin ke bin sawun matsalar har su gano tushenta, domin toshewa ba dalili ɗaya gare ta ba, kuma maganin wata yakan ƙara tsananta wata.

Tantani mai tacewa

Abin da ya bambanta wata matata da wata shi ne girman ƙofofinta. Masana kimiyya suna auna irin waɗannan ƙofofi da awon da ake kira maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum kamar maikiron 70 ne. Jar ƙwayar jini ba ta wuce maikiron 7 zuwa 8 ba, ƙwayar bakteriya kuwa kamar maikiron 1 ce.

Mutanen karkarar Sakkwato sun san aikin matata mai awo tun zamanin yaƙi da kurkunu. Ƙyallen nailan da aka riƙa rabawa a ƙauyuka yana da ƙofofi na kimanin maikiron 100, waɗanda suka isa su tare ƙananan ƙwarin ruwa masu ɗauke da tsutsar. Ƙidayar da aka yi a 1988 zuwa 1989 ta sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. An ga mutum na ƙarshe da ya kamu a 2008, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da cutar daga ƙasar a 2013. Ƙyallen ya yi aikinsa, amma bakteriya tana wuce ƙofarsa kamar yadda akuya ke wuce ƙofar gari.

Matatar da ake magana a kanta a nan tantani ce ta roba, mai ƙofofi daga maikiron 0.01 zuwa 0.1. Ruwa da gishiri da sauran ƙananan sinadarai da suka narke suna wucewa, amma bakteriya da laka da manyan sinadarai irin su furotin da ƙaro ba su wucewa. Da yake ƙofofin sun yi ƙanƙanta ainun, ruwa ba ya ratsa su da sauri sai an matsa shi. Wannan aiki shi ake nufi da matsananciyar tacewa. Wani masani Bajamushe, Heinrich Bechhold, shi ya raɗa wa aikin suna a 1907, amma bai shiga masana'antu sosai ba sai bayan 1960, lokacin da Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan na Jami'ar Kalifoniya suka gano yadda za a yi tantani mai siririyar fuska wadda ke tacewa, da kuma baya mai manyan ƙofofi wanda ke tallafa mata.

Ɗalibin da ya yi darasin ƙoda ya riga ya gamu da wannan aiki. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatu kimanin miliyan ɗaya, kuma a bakin kowace akwai dunƙulen siraran jijiyoyi inda matsin jini ke tura ruwa da gishiri da sukari ta cikin tantani, ƙwayoyin jini da furotin kuwa su ci gaba da tafiya. Ƙodojin baligi suna tace kimanin lita 180 a yini, su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita a matsayin fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Abin lura a nan shi ne jinin ba tsaye yake a kan tantanin ba, wucewa yake yi ta gefensa.

Yadda ake yi wa mota fenti da lantarki

Mai fentin feshi a bakin kasuwa yana iya fesa abin da idonsa ke gani ne kawai. Jikin mota kuwa cike yake da kogo da lungu: cikin ƙofa, da ƙarƙashin dandamali, da ramukan ginshiƙai. A nan tsatsa ke farawa, ta ci ƙarfe daga ciki, sai ta huda sannan mai mota ya sani. Don magance wannan ne masana a kamfanin Ford na Amurka, ƙarƙashin George Brewer, suka fara bincike a ƙarshen shekarun 1950, kuma a 1963 aka fara tsoma jikin mota sukutum cikin tankin fenti a sa masa lantarki. A shekarun 1970 kamfanin PPG ya fito da irin fentin da ya fi hana tsatsa, wanda yawancin masana'antun motoci suka koma kansa.

Tankin babba ne, a manyan masana'antu yakan ɗauki lita 200,000 ko fiye. Abin da ke ciki kimanin kashi 80 cikin 100 ruwa ne tsarkakakke wanda aka cire wa gishiri, sauran kuwa ƙaron roba ne da garin launi da ɗan sinadarin narkarwa, dangin tinar da masu fenti suka sani. Ƙaron nan ba ya son ruwa. Abin da ke sa shi ya bazu a ciki shi ne ɗan asid da ake haɗa shi da shi, kamar asid ɗin da ke cikin nono mai tsami ko na binigar. Asid ɗin yakan ba kowane ɗigon ƙaro cajin lantarki mai alamar tarawa, kuma tun da caji iri ɗaya ba ya shiri da ɗan'uwansa, ɗigon sai su riƙa ture juna, su ƙi dunƙulewa.

Bayan an wanke jikin motar an shafe shi da wani siririn rufi na fosfet, sai a tsoma shi, a haɗa shi da kan lantarki mai alamar ɗebewa, irin lantarkin batir mai tafiya gefe ɗaya, a ƙarfin bolt 200 zuwa 400. Ɗigon ƙaro sai su nufi ƙarfen. A daidai fuskar ƙarfen lantarki yana farfasa ruwa, ya fitar da iskar haidirojin, ya bar wani sinadari mai halin kanwa. Kowace mai girki ta san abin da kanwa ke yi wa tsami: kashe shi take yi. Da tsamin ya mutu sai ƙaron ya rasa cajinsa, ya daskare ya manne a ƙarfen. Wurin da ya rufu ba ya ƙara jan lantarki sosai, don haka fentin sai ya nemi inda bai rufu ba, har ya shiga kowane lungu. Cikin minti biyu zuwa uku an sami rufi mai kaurin kimanin maikiron 20, daga nan sai a gasa shi a tanda mai zafin da ya kai digiri 160 ko fiye.

Mai yin awara zai gane wannan aiki, sai dai nasa a juye yake: a wurinsa zuba ruwan tsami ne ke dunƙule madarar waken suya, a tankin fenti kuwa rashin tsami ne ke dunƙule ƙaro. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, domin rabin matsalar toshewa daga nan take.

Aikin tantani a wannan sha'ani shi ne kamar haka. Idan aka ciro motar daga tanki, takan fito jiƙe da fentin da bai manne ba, wanda dole a ɗauraye shi kafin gashi, in ba haka ba fuskar fentin ta yi tabo da zirara. Idan aka ɗauraye da sabon ruwa aka zubar, an yi asarar fenti mai tsada, an kuma gurɓata magudanar ruwa. Idan aka mayar da ruwan ɗaurayar cikin tanki, tankin ya cika ya tsarma. Mafita ita ce a samo ruwan ɗauraya daga cikin tankin kansa. Ana tura fenti ta cikin tantani, tataccen ruwa ya fito garau, a ɗauraye motar da shi, ya gangaro da fentin da ya wanko ya koma tanki. Ta wannan hanya ana cin moriyar fiye da kashi 95 cikin 100 na fentin. Tantanin yawanci a naɗe yake kamar tabarma, a cikin bututu mai tsawon kimanin mita ɗaya da faɗin santimita 20, kuma akan jera irin waɗannan bututu da yawa. Idan tataccen ruwa ya yi ƙaranci, ɗauraya ta gaza, motoci su fito da aibi, a ƙarshe a tsayar da layin.

Abubuwan da ke toshe shi

Na farko shi ne wanda ba makawa, wato kwanciyar abin da aka tare. Duk ruwan da ya ratsa tantani yakan bar ƙaro da launi a baya, su taru a fuskarsa su zama wani malala mai kauri kamar kamu. Ba a hana wannan gaba ɗaya, sai dai a rage shi, kuma hanyar ita ce ta ƙoda da ta mai tace gasara: kada a bar abin ya tsaya. Ana tura fentin da gudu ta gefen tantanin yadda kaɗan ne ke ratsawa, mafi yawa ya wuce yana share fuskar. Mutanen bakin Gulbin Rima sun san wannan ka'ida. Inda ruwa ke gudu yakan tafi da lakarsa, inda ya tsaya kuwa nan yake sauke ta. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 da nufin riƙe ruwa mita miliyan 942 na awon cika, ta ragu zuwa kusan kashi 10 cikin 100 a 2018, kuma cikin dalilan da hukuma ta bayar, bayan ƙarancin ruwan sama, har da taruwar laka. Haka nan idan injin tura fenti ya gaji, ko matatar buhu da ke gaban tantani don tare manyan tarkace ta cika, gudun fenti ya ragu, malalar sai ta yi kauri.

Mafi muni shi ne tsayawar gudun gaba ɗaya. Fentin da ya tsaya a cikin naɗaɗɗen tantani yakan kwanta ya toshe siraran hanyoyin da ke tsakanin naɗin, shi ya sa ka'idar aikin ita ce da zarar inji ya tsaya a kore fentin da tataccen ruwa nan take. Tankin kansa ma ana juya shi dare da rana, ko ranar hutu. Duk wanda zai kafa irin wannan tanki a Kaduna, inda kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, ko a Kano, lallai ya sa janareta na ko-ta-kwana cikin lissafinsa tun kafin ya sayi fenti.

Na biyu shi ne raguwar tsami. Ana riƙe fentin a kusan 6 a ma'aunin pH, wato ɗan tsami kaɗan. Idan awon ya hau, ƙaron sai ya fara rasa caji, ya dunƙule, kuma wurin da ya fi saurin yin haka shi ne fuskar tantani inda ya fi cunkoso. Tsami yana raguwa idan na'urar da ke cire rarar asid daga tanki ta cire fiye da kima, ko aka zubar da tataccen ruwa da yawa aka cika da ruwa zalla, ko kuma ruwan wanki mai halin kanwa ya biyo jikin mota ya shigo.

Na uku shi ne baƙin sinadarai. Idan ba a ɗauraye mota da kyau ba bayan rufin fosfet, ragowar fosfet da gishirin ƙarfe da na tutiya suna biyo ta cikin tanki, su haɗu da ƙaro su zama tsaki wanda ba ya narkewa. Man inji da ya ɗigo daga sarƙar da ke jan motoci shi ma yakan shafe fuskar tantani. Zafi ma yana da nasa: ana riƙe tankin a kusan digiri 30, idan ya wuce haka da yawa fentin yakan lalace.

Na huɗu rayayye ne, kuma shi ya fi ban mamaki.

Ƙwayoyin halitta a cikin fenti

Mutum zai zaci babu abin da zai rayu a cikin tankin fenti mai lantarki. Amma idan aka duba da idon masanin halittu, tankin yana da duk abin da bakteriya ke so: ruwa, da ɗumin digiri 30, da iska daga juyawar da ake yi, da kuma abinci, wato asid ɗin nan da sinadarin narkarwa. A da fentin yana ɗauke da dalma, wadda ke ƙara masa ƙarfin hana tsatsa, kuma gubarta tana danne ƙwayoyin. Haɗarin dalma ga ɗan'adam ba ɓoyayye ba ne ga mutanen wannan yanki, tun da a 2010 ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara. Cire ta daga fentin mota, wanda aka yi daga shekarun 1990 zuwa farkon na 2000, daidai ne ba ko shakka. Sai dai da aka cire ta, aka kuma rage sinadarin narkarwa don kare iska, bakteriya ta sami wurin zama.

Daga cikin ƙwayoyin da aka fi samu a irin waɗannan tankuna akwai wadda ake kira Burkholderia cepacia. Manoman albasa na Wurno da Goronyo suna da alaƙa da ita ko da ba su san sunanta ba. Walter Burkholder na Jami'ar Kwanel ta Amurka ya bayyana ta a 1950 a matsayin mai ruɓar da ɓawon albasa, kuma kashi na biyu na sunanta daga kalmar albasa ta Latin aka samo shi. Ƙwaya ce mai jure tsami, mai iya cin sinadarai iri-iri, mai kuma taurin kai ga magunguna.

Ɓarnarta hanya biyu ce. Tana cin asid ɗin da ke riƙe da ƙaro, tsami ya ragu, fenti ya dunƙule. Sannan tana manne wa fuska ta fitar da wani yauƙi ta lulluɓe kanta da shi, irin santsin nan da yatsa ke ji a cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Yauƙin yana toshe ƙofofin tantani, yana kama tarkace, yana kuma kare ƙwayoyin da ke ƙarƙashinsa daga magani. Wannan ne ya sa zuba maganin kashe ƙwayoyi a cikin tanki kaɗai sau da yawa ba ya wadatarwa: waɗanda ke yawo cikin ruwa su mutu, awo ya nuna an yi nasara, bayan kwanaki na cikin yauƙi su sake cika wurin. Har wa yau, tantanin yana tare bakteriya, amma abincinta yana wucewa, don haka tankunan ɗauraya da bututun tataccen ruwa sukan zama maɓoyarta, daga nan ta komo babban tanki. Wanda bai wanke waɗannan wurare ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Bin sawun matsalar

Kuskuren da sabon ma'aikaci ya fi yi idan ya ga tataccen ruwa ya ragu shi ne ƙara matsi. A zahiri hankali ya yarda da haka, tun da matsi ne ke tura ruwa. Amma idan malala ta riga ta kwanta, ƙarin matsi danne ta yake yi, ta ƙara tauri, ruwan ya ɗan ƙaru na ɗan lokaci sannan ya koma ƙasa da inda yake. Akan shigar da fenti ne a matsi kamar ninki uku zuwa huɗu na matsin iskar duniya, wato ya ɗan fi na tayar ƙaramar mota, kuma abin da ke share tantani gudu ne, ba matsi ba.

Gwani yakan fara ne da littafin awo, inda ake rubuta yawan tataccen ruwa, da matsin shiga da na fita, da zafi, da tsami, da yadda ruwan ke ratsar da lantarki, kowace rana. Tambayarsa ta farko ita ce: raguwar ta gaske ce? Ruwa mai sanyi ya fi kauri, kuma kowane digiri ɗaya na sanyi yana rage abin da ke ratsa tantani da kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Raguwar da ta zo tare da saukar zafi ba toshewa ba ce.

Tambaya ta biyu: bututu ɗaya ne ya ragu ko duka? Idan ɗaya ne, laifin na wurin ne, wataƙila makunnin da ke gabansa bai buɗe sosai ba, ko tantanin ya tsufa. Idan duka ne a lokaci guda, to a duba fentin ko injin da ke tura shi. Ta uku: farat ɗaya aka ga raguwar ko a hankali? Wadda ta zo cikin sa'o'i tana nuna wani abu ya faru, kamar ɗaukewar wuta, ko shigowar baƙon sinadari, ko zuba sabon fenti da yawa ba tare da ya gauraya ba. Wadda ke tafiya cikin makonni kuwa ta fi kama da kwanciyar malala ko girman yauƙi. Idan tsami yana raguwa ba tare da wani dalili na aiki ba, ga kuma wari da santsi a tankin ɗauraya, sai a ɗebi samfur a shuka a kan abincin bakteriya a ga abin da zai tsiro. Idan kuwa awon ratsar da lantarki ne ya hau, an sami shigowar gishiri, sai a koma sashen wanki a duba ruwan da ke ɗiga daga jikin mota kafin ta shiga tanki.

Akwai wata alama da ke nufin kishiyar toshewa. Idan tataccen ruwa ya ƙaru ba zato, ya kuma yi gurɓi-gurɓi da launin fenti, tantanin ya yage ne ko robar da ke toshe bakinsa ta saki. Likita yana yin irin wannan fahimta idan ya ga furotin ko jini a fitsari: abin da ya kamata matatar ƙoda ta tare ya wuce.

Sai an san dalili sannan a zaɓi wanki. Ƙaron da ya daskare ana narkar da shi da ruwa mai asid da ɗan sinadarin narkarwa, a zagaya da shi cikin bututun na wasu sa'o'i, a ɗauraye da tsarkakakken ruwa. Ruwan famfo ko sabulu mai halin kanwa ba su da wuri a nan, domin ƙara daskarar da ƙaron za su yi. Yauƙi kuwa sai an haɗa da maganin kashe ƙwayoyi wanda tantanin zai iya jurewa. Masu ƙera tantani suna ba da shawarar a wanke tun raguwar ba ta wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba, saboda malalar da ta daɗe takan yi taurin da wanki ba ya ɗaga ta. Ba a kuma barin tantanin da ya taɓa aiki ya bushe, don ƙofofinsa sukan rufe ba su sake buɗewa.

Amfaninsa ga ruwan sha, da gwaji a aji

Irin wannan tantani shi ne a cikin wasu matatun ruwan sha na gida da na ƙananan masana'antu. Yana tare laka da bakteriya, amma ba ya cire gishiri ko gubar da ta narke. Wanda ya zuba masa jan ruwan Gulbin Sakkwato ko na Rima na watan Agusta kai tsaye zai toshe shi da wuri. Ya kamata a fara barin ruwan ya kwanta, da alam ko garin ƙwayar zogale, a tsiyaye na sama, sannan a ba tantani, a kuma riƙa kore shi ta baya da ruwa mai tsabta kamar yadda masu ƙera shi suka umarta.

Malami yana iya nuna wa ɗalibai yawancin abin da aka bayyana da gorunan roba huɗu. A yanke gindin kowace, a ɗaure ƙyalle iri ɗaya mai ninki huɗu a bakinta, a kifa ta a kan kofin awo. A zuba wa ta farko ruwan gulbi mai laka a bar shi tsaye. A zuba wa ta biyu irin ruwan, amma a riƙa motsa shi da tsinke kusa da ƙyallen. Ta uku a zuba mata wanda aka kwantar da alam. Ta huɗu kuwa a ɗaura mata ƙyallen da ya kwana huɗu a cikin ruwan gulbi mai ɗan sukari, a zuba mata ruwa garau. Ɗalibai su riƙa rubuta daƙiƙoƙin da kowane mililita 100 ya ɗauka kafin ya sauka, har sau biyar a jere, su zana sakamakon a takardar awo, su kwatanta yadda layukan huɗu suka karkata. Idan makarantar tana da madubin ƙara girma, a kankaro santsin ƙyalle na huɗu a duba shi. Ruwan gwajin ba na sha ba ne, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an gama.